Gida Arba'in na Yaya Tofazzal

Yaya Tofazzal ya rasu. Wata huɗu ke nan, kuma har yau in na wuce rumfar shayin Sekandar sai in ji kamar an rage wa kasuwar murya. Benci yana nan, buta tana tafasa, amma babu mai ɗaga yatsa ya ce, "Ku tsaya in faɗa muku yadda abin yake a ilmance." Ni ƙaninsa ne, gyaran keke nake yi, karatuna bai wuce firamare ba. Abin da zan faɗa duk mutanen Batiyakandi sun gani da idonsu, don haka babu inda zan ƙara gishiri.

Lokacin da abin ya faru, shekara goma sha tara ya yi a wata jami'a a Dhaka, babban birnin ƙasarmu, a sashen da ake koyar da siyasa da yadda ake auna ra'ayin jama'a da lissafi. Aikinsa dafa shayi, goge allo da kai takardu ɗakin kwafi. Mu uku muka san haka a gari: ni, matarsa Monowara, sai shi kansa, shi ma ba kullum yake tunawa ba. A wurin sauran jama'a shi mai bincike ne, Tofazzal Sahib, kamar yadda ake kiran manyan mutane. Abin da ya rage masa kawai shaida, wata takarda da zai buga a kan tebur, domin Sekandar ya fara tambayarsa yaya aka yi mai bincike bai taɓa zuwa da littafi mai sunansa ba.

Sai ga shi a farkon wata damina, Dakta Sabiha, wadda yake kai wa shayi kullum ƙarfe huɗu, tana shirin babban bincike a faɗin ƙasa: shin mutanen karkara sun yarda da shugabannin yankunansu, kuma shin maza da mata bakinsu ɗaya? Kafin a fita sai an gwada tambayoyin a ƙauye guda. Ɗalibin da zai je ya kwanta zazzaɓi. Tana zaune tana matsa gefen kanta da yatsu biyu, Yaya ya ajiye kofi. Apa yake ce mata, wato babbar yaya, don girmamawa.

"Apa, ai garinmu yana nan, bai tafi ko'ina ba."

"Tofazzal, ka taɓa yin irin wannan aikin?"

"Apa, masu digiri shekara huɗu suka saurara. Ni goma sha tara nake a bakin ƙofa."

Ta yi dariya, amma lokaci ya ƙure mata. Ta zaunar da shi ta karanta masa ƙa'ida. Ya fara daga masallaci, ya bi hagu yana ƙirga gidaje, ya shiga kowane na biyar har ya cika arba'in. A kowane gida baligi ɗaya zai yi wa tambaya, wanda ranar haihuwarsa ta wuce kwanan nan, don kada shi ya zaɓa, kada maigida ya zaɓa. Kuma a yi inda wani ba zai ji amsa ba.

"Bayan kwana goma zan zo in duba. In ka yi daidai, sunanka zai fito a littafin."

"A buge, Apa? Da inji?"

"A buge."

Ya sauka daga jirgin ruwa da wando maimakon zanen da mazan garinmu ke ɗaurawa, biro huɗu a aljihu, kati a wuya, lema a hammata. Bai ko je gida ba, sai rumfar Sekandar.

"A'a, Sahib ya sauka! Wannan karon wa za a bincika?"

"Ku."

"Dukkanmu?"

"Ka ga matsalar rashin karatu. Mai sayen rama yana kwance ɗauri duka? Daga tsakiya yake zaro cikin hannu ɗaya, ya san sauran. Mutum arba'in zan zaro a garin nan. Abin da suka faɗa, shi Dhaka za ta ji."

"Mu sauran fa?"

"Ku ne ragowar ɗaurin."

Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa mutum arba'in za su yi magana da gwamnati. Kafin magariba maganar ta zama za a kai su Dhaka. Monowara ta ajiye masa shinkafa da kifi ta zauna tana kallonsa.

"Baban Shirin, ka yi aikin mutane yadda aka ce, ka rufe bakinka."

"Ke me kika sani game da bincike?"

"Ban san bincike ba. Na dai san abin da kake yi a Dhaka."

Ya leƙa ƙofa da sauri, ya dawo ya ci abincinsa.

Da safe ya tsaya a ƙofar masallaci, ya ɗaga lema ya nuna hagu kamar mai jan runduna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na biyar gidan Baffa Joynal masunci ne. Baligai huɗu: Baffa, matarsa, ɗansa da matar ɗan.

"Baffa, a cikinku wa ranar haihuwarsa ta wuce kwanan nan?"

"Ranar me?"

"Haihuwa."

"Ɗana, ranar da aka haife ni ban tambayi kowa kwanan wata ba."

"To a ɗauko katin shaida."

Aka ɗauko gwangwanin biskit, aka zazzage. Yaya ya ɗaga na Baffa: ɗaya ga Janairu. Na Inna: ɗaya ga Janairu. Na ɗan, na matar ɗan, duk ɗaya ga Janairu.

"Allah mai iko," in ji Baffa. "Shi ya sa muke zaman lafiya."

Gida na goma baligai shida ne, duk ɗaya ga Janairu. Ai lokacin da masu yin kati suka zo, duk wanda ya ce bai sani ba, abin da akawu ya rubuta masa ke nan, kuma babu wanda ya sani. Yaya ya zagaya bayan ayaba kamar zai yi fitsari, ya zaro nasa katin ya duba. Ya mayar da shi aljihu a hankali.

Na ce masa, "Yaya, ka kira Dakta mana."

"In kira ta in ce me? Mai bincike ba ya kai ƙarar matsala, warware ta yake. Akawu ya manta, amma akwai wadda ba ta manta ba. Ɗauko keken kaya."

Kaka Fuljan yake nufi, ungozomar da ta karɓi rabin garin a hannunta. Ta haura tamanin, ba haƙori ko ɗaya, kunne ɗaya ya toshe, don haka ko sirri za ta faɗa sai an ji a ƙetaren kogi. Aka shimfiɗa mata tabarma a bayan keke, Yaya ya riƙe mata lema, ni da furfurata na hau tuƙi. Muka koma gidan Baffa Joynal, mutum kusan talatin a bayanmu.

Kaka ta dubi ɗan Baffa. "Wannan lokacin yankan shinkafa ya zo, da ƙafa ya fito, har yau bai iya shiga wuri ta hanyar kirki ba."

"Madalla!" Yaya ya rubuta. "Matarsa fa?"

"Ba ni na karɓe ta ba. 'Yar ƙetare ce."

"Inna fa?"

"Ita ma auro ta aka yi."

Nan Yaya ya tsaya, biro a baki. Duk matan aure na garin daga wasu garuruwa aka kawo su. Sekandar, wanda ya rufe rumfarsa ya biyo mu don kallo, ya yi gyaran murya.

"Sahib, na'urar taka maza kawai take karantawa?"

"Kaka," in ji Yaya da ƙarfi a kunnenta mai ji, "ai ke in kin ga mutum kina gane lokacin da aka haife shi, ko?"

Kaka ba ta taɓa cewa ba ta san abu ba. "Ta kunne nake ganewa. Kawo kunnenta."

Haka aka riƙa miƙa wa Kaka kunnuwan matan mutane tana murzawa tana yanke hukunci. Mai kaurin kunne haihuwar sanyi ce, mai sirara ta bazara.

A gidan Malam Nurul, malamin firamare, aka sami ɓaraka ta farko. Malam yana neman aure a lokacin, yana shafa baƙin shuni a kai, yana cewa shekarunsa talatin da takwas. Ya fito da murmushi ya gaida Kaka.

"Nurul! Kai ai shekarar babbar ambaliya kana da haƙori, ka ciji yatsana a cikin kwale-kwale. Kai da baban yarinyar nan da kake nema, mako ɗaya ne tsakaninku."

"Kaka, kin ruɗe."

"Kai ka riga shi!"

Baban yarinyar yana cikin masu kallo. Ya juya ya tafi gida ba sallama.

A rana ta uku mutane suka gano dabarar. Tunda damina ake ciki, wanda aka haifa a farkon damina shi ranarsa ta wuce kwanan nan, shi za a zaɓa. Sai ganyen pan, wanda ake taunawa kamar goro, da alawar madara suka fara sauka a tabarmar Kaka.

"Kaka, ki tuna da kyau. Ranar da na zo ba ruwa ake yi ba?"

"Ana yi, ɗana," in ji ta, baki cike. "Kamar da bakin ƙwarya."

"Ni fa, Kaka? Jiya kin ce sanyi."

"Sanyin ruwa nake nufi. Me ka kawo?"

Kafin azahar duk Batiyakandi ta koma haihuwar damina. A wani gida 'yan'uwa uku suka kama wuyan juna kan wanda aka haifa da yayyafi da wanda aka haifa da tsawa.

Ana cikin haka Ciyaman Mondol ya aiko a kira Yaya. Mutum ne mai tumbi da zobba, kuma tambaya ta bakwai a takardar a kansa take: ka yarda da shugaban yankinku ƙwarai, ko kaɗan, ko sam?

"Tofazzal, an ce ka wuce ƙofata."

"Ranka ya daɗe, lissafi ne. Gidanka ya faɗo na sittin da huɗu."

"Ni? Na sittin da huɗu? A garin da na shimfiɗa wa hanya?"

"Da ya zama na sittin da biyar..."

"To ya zama."

Yaya ya waiga, idonsa ya sauka kan rumfar shanun Ciyaman da ke gefen ƙofa. Ya ɗaga yatsa.

"A ilmance, duk abin da yake da rufi, kuma akwai mai numfashi a ciki, gida ne."

Aka ƙirga rumfar shanu ta sittin da huɗu, gidan Ciyaman ya zama na sittin da biyar. Ciyaman ya amsa tambaya ta bakwai da cewa ya yarda da kansa ƙwarai.

Sai dai jama'a sun ji sabuwar ƙa'idar. Wanda yake son lissafi ya faɗo kansa sai ya nuna akurkin kajinsa. Wanda ba shi da akurki ya kifa kwando a kan kyanwa. Yaya yana ƙirgawa, mutane suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya, har aka zo na tamanin da biyar. Lema ta tsaya a kan ɗakin agwagin wata bazawara, a bakin kududdufi.

Kowa ya juyo ya dubi Yaya.

"Bismillah, Sahib," in ji Sekandar. "Shiga. Mu za mu ja baya don kada mu ji amsarsu."

"Wannan ba gida ba ne."

"Rufi akwai. Numfashi akwai. Kaka, wacce aka ƙyanƙyashe kwanan nan?"

Kaka ta miƙa wuya. "Farar can."

Yaya ya fusata, ya hau gefen keken don ya yi wa jama'a bayani daga sama. Ni kuwa na sauka ina dariya, babu mai riƙe kan keken. Taya ta zame a laka. Allah ya sa Sekandar ya cafe Kaka kamar buhun auduga, amma Yaya da jakarsa da lemarsa suka tafi cikin kududdufi. Agwagin suka fito duka suna ihu, farar a gaba.

Takarda goma sha shida ya riga ya cike. Ya tsamo su, ya shanya a kan shingen makaranta, ya tafi gida sauya kaya. Malam Nurul, wanda bai huce ba, ya fito ya gyara tabarau, ya shiga karanta wa jama'a ɗaya bayan ɗaya. Babu suna a kai, amma akwai lambar gida, kuma kowa ya taya ƙirga.

"Gida na biyar. Tambaya ta bakwai: sam. An ƙara da cewa hanyar da ya shimfiɗa ko akuya sai ta cire takalmi."

Kafin Yaya ya gama ɗaura zane, ɗan Baffa Joynal yana ƙofa yana haki.

"Yaya, don Allah a gyara. Ƙwarai na ce, kunnenka ne da ruwa."

"A lokacin ban faɗa ruwa ba tukuna."

"To bakina ne ya zame."

Bayansa mutum tara suka yi layi, kowa bakinsa ya zame. Daga ranar Ciyaman ya ce ba zai bari baƙon aiki ya wahala shi kaɗai ba. Ya riƙa bin mu gida gida, ana ɗauke masa kujera. In an zo tambaya ta bakwai sai ya dubi sama yana fifita, wai ba ya saurare.

A rana ta takwas Yaya ya zauna a tsakar gida, takardu sun yi kumburi kamar gurasa, lissafin gidaje ya ɓace, Kaka ta kwanta ciwon ciki saboda alawa. Monowara tana tsince shinkafa.

"Ka kira matar nan ka faɗa mata gaskiya."

"Tsaya." Ya miƙe tsaye. "Tsaya! Me ƙa'ida ta ce? Wanda ranarsa ta wuce kwanan nan. To a kati duk rana ɗaya ce. Ke nan kowa ya cancanta! Ta ce arba'in don ba ta san ƙarfina ba. Garin duka zan kai mata."

"Ina ragowar ɗaurin?"

"Ilmi yana ci gaba, Monowara."

Ya tafi babbar kasuwa ya buga kwafi ɗari shida da wani abu. Rana ta tara ya ari lasifikar mai tallan magani, ya tara maza a filin makaranta. Ya karanta tambaya, a ɗaga hannu, shi da wasu su bi takardu suna cikewa. Ciyaman yana kan dandamali yana kallon hannuwa. Kafin la'asar an gama binciken da Dakta ta ware wa kwana goma.

Rana ta goma gari ya fita tarbar ta. Yaya ya riga ya faɗa a rumfar shayi cewa yarinya ce mai ƙoƙari, a gabansa ta taso, yana ɗan nuna mata hanya. Malam Nurul ya ce shi zai rubuta ƙyallen maraba kyauta. Sai da jirgi ya matso gaɓa aka warware shi, da manyan baƙaƙe ja: BARKA DA ZUWA MATAIMAKIYAR TOFAZZAL SAHIB.

Yaya ya yi tsalle zai kama ƙyallen, gorar da aka ɗaura shi a kai ta fi Yaya tsawo. Dakta ta sauko, ta karanta, ta dube shi. Aka rataya mata furanni, aka rataya masa, aka wuce filin makaranta.

A kan dandamali takardu sun yi tsiri har ƙirjinta.

"Tofazzal, arba'in na ce."

"Ɗari shida da goma sha ɗaya, Apa... wato Dakta. Ni ba na aikin rowa."

Jama'a suka tafa. Lasifika tana kunne, kowa yana ji.

"Yaya ka zaɓe su?"

"Ban zaɓa ba. Duka na kwasa, don kada a ce an yi son kai."

"A ina ka yi musu tambayoyin?"

"A nan. Iska mai kyau."

Ta buɗe takarda ɗaya, ta buɗe ta biyu, ta zaro wata daga ƙasa. "Duk sun yarda da shugaba ƙwarai. Shi yana ina a lokacin?"

"A kujerar nan, 'yata," in ji Ciyaman. "Ko ruwa ban tashi sha ba."

"Mata fa? Na ga an cike na mata."

"Suna girki," in ji Yaya. "Mazansu suka ɗaga musu hannu na biyu."

Daga ɓangaren mata wata murya ta tashi. "Ba a kira mu ba! Kunnuwanmu kawai aka murza!"

"Kunnuwa?"

Sai da aka ɗauko Kaka Fuljan aka gabatar. Ta kama kunnen Dakta ba a tambaye ta ba, ta ce haihuwar sanyi ce. Dakta ta ce ita a tsakiyar bazara aka haife ta. Kaka ta ce a sake tambayar uwarta.

"Me ya sa ba ka duba katinsu ba?"

Baffa Joynal ya miƙa nasa, na bayansa ya miƙa, katuna suka riƙa tafiya hannu hannu har suka cika tebur. Dakta ta duba goma, ta duba ashirin.

"Duka?"

"Duk garin, 'yata," in ji Baffa da alfahari. "Har da Sahib."

Ta zauna a hankali. Binciken ƙasa baki ɗaya ta gina a kan wannan ƙa'idar, kuma saura wata ɗaya a fita. Ta rufe ido, ta ɗora yatsu biyu a gefen kanta tana matsawa.

Ni ban ga lokacin da Yaya ya bar dandamalin ba. Shekara goma sha tara, duk sanda yatsun nan suka hau wurin, ƙafarsa ta san abin yi.

"Yanzu, Apa! Sukari ɗaya, citta kaɗan!"

Lasifika ta kai maganar har bakin kogi. Ya ratsa jama'a da gudu, furanni suna lilo a wuyansa, ya faɗa rumfar Sekandar da ke bakin fili. Ya ɗauraye kofi da ruwan zafi, ya daka citta da gindin cokali, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya ko ɗigo bai fita ba. Ya yafa tsumma a kafaɗa, ya ɗora faranti a kan yatsu uku, ya dawo ta cikin laka da taron mutum ɗari shida, shayin ko motsi bai yi ba. Ya goge gefen tebur, ya ajiye kofin, ya juya mariƙinsa wajen hannunta na dama, ya ja baya taku biyu, ya rusuna.

A nan ya farka.

Yana tsaye, faranti a ƙirji, tsumma a kafaɗa, a ƙarƙashin jan rubutun Malam Nurul.

"Wace ce mataimakiyar a cikinsu?" in ji wani daga baya.

Dariya ta fashe kamar an ɓalle madatsar ruwa. Baffa Joynal ya zauna a laka yana riƙe ciki. Malam Nurul ya yi dariya har gumi ya kwararo da shuni a goshinsa. Dakta ta miƙe da sauri ta kama lasifika.

"Jama'a, Tofazzal ya fi kowa daɗewa a sashenmu..."

"A gindin buta!" aka amsa mata.

Sekandar bai yi dariya ba. Ya koma rumfarsa, ya tsiyayi ragowar abin da Yaya ya dafa, ya kurɓa, ya daɗe yana juya shi a baki. Ya dawo har gaban dandamali da kofin.

"Tofazzal, kai mugun mutum ne. Shekara goma sha tara kana cika mana kunne da abin da ba ka iya ba. Abu ɗaya da ka fi kowa iyawa a ƙasar nan, shi ka ɓoye. Kana zaune kana shan ruwan wankin da nake dafawa, ko sau ɗaya ba ka ce in matsa ba."

Yaya yana nan tsaye da farantin. Monowara ce ta ratso maza, ta cire masa tsumman daga kafaɗa, ta karɓi farantin ta miƙa wa Sekandar.

"Mu je gida, Baban Shirin. Abinci ya huce."

Takardu ɗari shida da goma sha ɗaya kuwa, shekara guda Sekandar yana naɗe wa mutane soyayyiyar shinkafa da su.

Salla huɗu Yaya bai zo gida ba. A ta biyar sai ga shi ya sauka daga jirgi, da zane kamar kowa, ba kati ba biro, sai wani abu a naɗe cikin leda. Ya wuce rumfar Sekandar, ya buga shi a kan tebur har kofuna suka yi tsalle. Littafi ne mai kauri, da Turanci. Ashe Dakta tana komawa ta soke ƙa'idar ranar haihuwa, ta koma jera sunayen baligan gida a fitar da ɗaya da ƙuri'a. A shafin godiya, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ga sunansa a buge.

Aka kira Malam Nurul ya fassara. Ya karanta ba da son ransa ba: ana gode wa Tofazzal Hossain, wanda aikinsa a wani ƙauye ya nuna cewa dabarar farko ba za ta yi ba.

"Wato ka ɓata aiki, aka gode maka," in ji Sekandar.

"A ilmance," in ji Yaya, yatsa a sama, "da ban faɗa kududdufi ba, da ƙasar nan duka ta faɗa. Matsa, wutar nan ta yi wa ganyen yawa."

Ya karɓi butar. Daga ranar, duk zuwan da zai yi shi yake dafawa, yana dafawa yana bayanin yadda ya ceci binciken ƙasa. Babu wanda ya ƙara musa masa, don baki yana cikin kofi.

A matakalar sashen ajali ya same shi, da rana tsaka, ɗauke da kofi uku. Waɗanda suka gani sun ce sai da ya ajiye farantin a hankali, sannan ya zauna ya jingina da bango. Dakta da kanta ta rako gawar har bakin kogi.

Wanda ya karanta wannan, in ya gama dariya, ya taya mu da addu'a. Allah ya jiƙan Tofazzal ɗan Hossain, ya yafe masa abin da harshensa ya ƙara, ya saka masa da abin da hannunsa ya yi wa mutane. Allah ya ba Monowara da Shirin haƙuri, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Ku ce amin.